Zanen taurari a hoto: me ya sa layuka suke tsinkewa, da'ira kuma ta ƙi fitowa?

"Assalamu alaikum Malam. Ina ganin hotunan da ake ɗauka a ƙasashen waje inda taurari suke zana da'ira a sama kamar an sa kamfas, sai na gwada a bayan garinmu, kusa da Zariya, cikin watan Janairu. Kyamarata DSLR ce mai gilashin 18-55. Na ɗauki hoto 60, kowanne sakan 30, na haɗa su a kwamfuta. Layukan sun fito a tsittsinke kamar ɗinkin hannu, sama ta yi ja-ja, kuma babu wata da'ira, sai layuka a ɗan karkace. Shin kyamarar ce ba ta kai ba, ko akwai abin da na kuskure?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, tambayarka guda ce a rubuce, amma matsaloli uku ne a cikinta, kowace da nata sanadin: rashin da'ira, tsinkewar layuka, da jan sama. Hoton ba ya gabana, saboda haka da bayaninka zan yi aiki, sai dai bayanin ya isa in ce ka kwantar da hankalinka game da kyamara. Gilashin 18-55 da ake haɗawa da ita a kwali, wanda masu hoto da yawa suke rainawa, da irinsa na ɗauki zanen taurarina na farko da na iya nuna wa mutane ba tare da jin kunya ba.

Da'irar tana arewa, kuma a wurinmu tana ƙasa-ƙasa

Abin da kyamara take zanawa juyawar duniya ce. Duniya tana kammala juyi ɗaya, idan aka auna da taurari, cikin awa 23 da minti 56, wato kimanin digiri 15 a kowace awa, ko digiri 1 a kowane minti 4. Ka tuna laimar sarki ranar hawan sallah, yadda mai riƙe da ita yake murza sandar tana juyawa: adon da yake bakin laima yana yin zagaye mai faɗi, wanda yake kusa da tsakiya yana yin ɗan ƙarami, ƙololuwar kuwa tana nan inda take. Haka sama take a idonmu, kuma ƙololuwar tana arewa, dab da tauraron da ake kira Polaris, wanda nisansa da ainihin tsakiyar bai kai digiri 1 ba. Duk hoton da ka ga da'ira a cikinsa a ƙasashen arewacin duniya, wannan tauraro aka dosa.

Inda gizo yake saƙar shi ne, tsayin wannan ƙololuwa daga inda sama ta haɗu da ƙasa daidai yake da latitud ɗin garin da mutum yake tsaye, wato nisan garin daga layin da ya raba duniya arewa da kudu, a lissafin digiri. A Landan, wadda take kan digiri 51 da rabi, tsakiyar tana can sama, ta wuce rabin hanya tsakanin ƙasa da tsakar ka, shi ya sa hotunan Turawa suke fitowa da da'irori cikakku a saman gida ko bishiya. A Makka digiri 21 ne, a Agadas kimanin 17, a Kano 12, a Zariya 11, a Legas kuwa bai kai 7 ba. Laimarmu a kishingiɗe take, ƙololuwarta ta kusa taɓa ƙasa. A Zariya, taurarin da suke cikin digiri 11 daga tsakiya su kaɗai suke zagayawa ba tare da sun faɗi ba. Sauran duka ƙasa tana yanke da'irarsu, sai su fito a jere wani cikin wani kamar bakan gizon da magina suke ɗaurawa a soron gargajiya. Ni dai a ganina wannan siffa ta fi ta Turai dacewa da hoton ƙasa, domin tsakiyar da'irar tana sauka daidai kan bishiya ko dutse ko hasumiya ba tare da an ɗaga kyamara har an rasa abin da yake ƙasa ba.

Akwai kuma abin da ido yake yaudarar mu da shi. Babu tauraron da yake kammala da'ira a hoto ɗaya, tunda yana bukatar kusan awa 24, dare kuwa bai kai haka ba. Guntayen baka ne na ɗaruruwan taurari, ido yake haɗa su ya ga da'ira. Awa ɗaya tana ba da kashi 1 cikin 24 na zagaye, awa biyu tana ba da digiri 30, kuma a nan ne hoton yake fara cika ido. Abin da bai kai minti 40 ba ya kan yi kama da hoton da hannu ya girgiza, musamman kusa da tsakiya inda layukan suke gajeru.

Layukan da ka samu a ɗan karkace suna nuna mini gabas ka fuskanta ko yamma, kuma na fi zaton gabas, domin a farkon daren Janairu can ne rukunin taurari masu haske da ake kira Orion yake jan idon kowa. A latitud ɗin Zariya taurari suna fitowa daga gabas kusan a miƙe, sun ɗan jingina kudu da digiri 11. Wannan ba kuskure ba ne, wani salon hoto ne mai zaman kansa, kuma zan dawo gare shi.

Gano Polaris yana ba mutane wahala saboda suna zaton shi ne mafi haske a sama, alhali akwai taurari fiye da 40 da suka fi shi. Ka buɗe kamfas ɗin wayarka ka fuskanci arewa, ka miƙa hannunka sosai ka dunƙule shi. Dunƙulen yana rufe kimanin digiri 10, saboda haka idan ka aza ƙasansa a inda sama ta haɗu da ƙasa, tauraron yana ɗan saman yatsunka. Daga Maris zuwa Yuni, taurari bakwai masu siffar ludayi, waɗanda Abzinawa suke gani a matsayin taguwa, suna sama a farkon dare, kuma biyun da suke bakin ludayin suna nuna Polaris idan ka ja layi daga gare su ka ninka tazarar da take tsakaninsu sau biyar. Daga Oktoba zuwa Janairu ludayin ba ya nan a farkon dare, sai a nemi Cassiopeia, taurari biyar masu siffar harafin M a saman arewa, Polaris yana ƙarƙashinsu. Manhajar Stellarium, wadda ake samu a waya da kwamfuta, tana nuna duk wannan.

Ɗinkin hannu

Game da tsinkewar layuka, ka buɗe hotunan nan 60 ka duba lokacin da aka ɗauki na farko da na ƙarshe. Hoto 60 na sakan 30 ya kamata su ci minti 30 da 'yan kai. Idan ka ga sun ci awa guda, to ka kusa kama ɓarawon, kuma wanda na fara zargi sunansa a cikin saitin kyamara Long Exposure Noise Reduction, ko wani suna makamancinsa. Aikinsa shi ne, bayan kowane dogon hoto kyamara tana rufe labulenta ta sake ɗaukar wani na tsantsar duhu mai tsawon na farko, domin ta gano ɗigo-ɗigon ja da shuɗi da zafin sensa, wato farantin da yake karɓar haske a cikin kyamara, yake haifarwa ta cire su. Dabara ce mai kyau ga hoto guda ɗaya, amma a nan tana nufin kyamara ta kalli sama sakan 30 ta rufe ido sakan 30, taurari kuwa ba su tsaya jiranta ba. A gilashin milimita 18 kan kyamara mai megafiksel 24 irin ta masu farawa, tauraron da yake gabas yana ƙetare fiksel ɗaya, wato ɗaya daga cikin ƙananan ɗigogin da suke haɗuwa su zama hoto, cikin kimanin sakan 3. Tazarar sakan 1 tsakanin hotuna da kyar ake ganinta, amma ta sakan 30 giɓi ne na fiksel goma, kuma tsawonsa daidai da tsawon layin da aka zana. Ɗinkin hannun da ka gani ke nan. Ka kashe wannan saiti, ka kashe kuma nuna hoto a allo bayan an ɗauka.

Idan ka tarar wannan saiti a kashe yake, akwai tarko na biyu da ya taɓa kama ni. A kyamarori da yawa, abin da aka rubuta 30 a zahiri sakan 32 ne, domin lokutan labule ninki-ninki suke tafiya: 1, 2, 4, 8, 16, 32, aka rubuta 15 da 30 don sauƙin karatu. Wanda ya saita agogon kyamara ko rimot ya danna duk bayan sakan 31, umarnin zai iso labule yana buɗe, kyamara ta yi watsi da shi ta jira na gaba, sai a rasa rabin hotunan. Maganin shi ne a sa sakan 33, ko kuma a bi hanyar da na fi so: a sa kyamara a ɗauka a jere, a danna maɓallin rimot mai waya a kulle shi, tana gama ɗaya ta shiga na gaba. Wasu kyamarorin suna tsayawa da kansu bayan hoto 100 a jere, saboda haka a riƙa kasa kunne ga ƙarar labule, idan an kusa kai wa a saki maɓallin a sake dannawa nan take.

Mai yiwuwa ka ce me zai hana a buɗe labule sau ɗaya na awa biyu a huta da haɗe-haɗe. Haka ake yi a zamanin fim, kuma haka mai hoton taurari David Malin ya ɗauki shahararrun hotunansa a cibiyar nazarin taurari ta Siding Spring a Ostireliya. Fim yana rage karɓar haske mai rauni idan lokaci ya yi tsawo, wannan rauni nasa ya zama alheri, domin sama ba ta saurin yin fari. Sensa ba ta da wannan hali. Kuma ka lura da wani abu da mutane ba su cika kula da shi ba: tauraro yana tafiya, yana haska kowane fiksel na 'yan sakanni ne ya wuce, saboda haka tsawaita lokaci ba ya ƙara masa haske ko kaɗan, tsawon layi kawai yake ƙarawa. Hasken sama kuwa yana zuba a kan kowane fiksel tun daga farko har ƙarshe, yana taruwa har ya haɗiye taurarin, ga zafin sensa yana ƙaruwa. Idan aka ɗauki gajerun hotuna aka haɗa, manhaja tana duba kowane fiksel a cikin dukkan hotunan ta zaɓi mafi haske, don haka sama tana zama da duhun hoto ɗaya na sakan 30, layukan kuma suna da tsawon awa biyu. Da wannan hanya ɗan sama-jannatin Amurka Don Pettit ya ɗauki zanen taurari daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2012, yana haɗa hotunan sakan 30 har su kai minti 10 zuwa 15.

Jan sama

Wannan ita ce matsalar da saiti ba ya magancewa sai kaɗan. Jan da ka gani hasken fitilun gari ne da ƙura ta kama ta watsa, kuma Janairu tsakiyar hunturu ne. Ga mai neman da'ira a ƙasarmu abin ya fi muni, domin hasken tauraron da yake digiri 11 daga ƙasa yana ratsa iska mai kauri kusan ninki biyar na wadda hasken tauraron tsakar ka yake ratsawa, kuma a wannan ƙasa-ƙasan ne hazo da hayaƙi suke kwanciya. Akwai dararen hunturu da za ka ga taurari fal a samanka amma Polaris ya ɓace ɗungurungum. A irin wannan dare babu gilashi ko ISO, wato saitin ƙara hasken hoto a kyamara, da zai fito da shi.

Lokacin da ya fi yi mini daɗi shi ne kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa cikin Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke, kafin hazo ya sauka sosai. Daren da sama ta washe bayan ruwan damina shi ma yana da tsabta ƙwarai, sai dai gajimare yana iya dawowa kafin awa biyu ta cika. Game da wuri, nisa da gari kaɗai bai isa ba, sai an duba ɓangaren da aka fita. Wanda ya tsaya kudu da gari ya dosi arewa, ta saman garin yake kallo, duk haskensa yana gabansa. Ka fita arewa da gari, ka ba shi baya, ka tabbatar babu wani babban gari ko babbar hanya a gabanka.

Wata kuwa, kalandar Musulunci ta riga ta yi mana rabin aikin. Daga 27 ga wata zuwa 3 ga sabo, dare yana da duhu kusan gaba ɗayansa, taurari suna fitowa da yawa, amma bishiya da dutse sai su zama baƙar inuwa. Daga 4 zuwa 6, jinjirin watan yana yamma a farkon dare, yana haska ƙasa a hankali ba tare da ya kashe taurari ba, kuma waɗannan su ne dararen da na fi zaɓa. Daga 10 zuwa 18 a haƙura. A fara ɗauka bayan sallar Isha'i, domin duhu yana kammala ne idan rana ta nutse digiri 18 ƙarƙashin inda sama ta haɗu da ƙasa, wanda a yankinmu yake ɗaukar kimanin awa ɗaya da kwata bayan faɗuwarta. Sannan ka cire daidaita launi daga otomatik ka kafe shi a wajen lamba 4000 a ma'aunin Kelvin, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, domin otomatik yana iya canza launin sama daga hoto zuwa hoto.

A fili

Saitin da nake farawa da shi a kan gilashi irin naka shi ne milimita 18, buɗin gilashi f/3.5 ko f/4, sakan 30, ISO 800, komai da hannu. Idan akwai wata ko hasken gari na kan sauka zuwa 400, idan daji ne mai duhu sosai in hau 1600. Waɗannan mafari ne kawai, hoton gwaji ne yake yanke hukunci. Ba na son ISO mai yawa ko da ana samun ƙarin taurari, saboda yana ƙone launinsu duka su koma fari, alhali launin shi ne rabin kyan hoton: a cikin taurarin Orion, Betelgeuse ja-ja ne saboda zafin fuskarsa wajen Kelvin 3,500 ne, Rigel kuwa mai ratsin shuɗi ne saboda nasa ya haura 10,000. Fokos a mai da shi na hannu, a nemi tauraro mai haske a allo, a ƙara girmansa har ƙarshe, a murza zobe a hankali har ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta, sannan a manna salatif a kan zoben fokos da na zum. A kashe na'urar hana girgiza ta gilashi. Sandar kyamara mai ƙafa uku a kafa ta a ƙasa mai tauri, kada a zaro dogon wuyanta na tsakiya, kuma da an fara kada a sake taɓa ta. Batir ya zama a cike, memori ya zama da fili, tunda hoto 240 na RAW suna iya cin gigabait 6. A kaka raɓa tana sauka kan gilashi cikin dare ba tare da an ankara ba, sai a ga layukan sun fara da kaifi sun ƙare a dushe. Hular gilashi tana taimakawa, akwai kuma ɗan ɗamarar ɗumama gilashi da ake jonawa da fawa-banki. Idan an gama, kafin a kashe kyamara, a rufe gilashi da marfinsa a ɗauki hoto biyar zuwa goma da saitin nan, waɗannan hotunan duhu su ne za su yi aikin cire ɗigo-ɗigon da aka hana kyamara yi.

Wani Nuwamba na je gonar mahaifin wani abokina, an gama girbin dawa, dammuna suna jingine, ga wata tsohuwar kuka da na daidaita Polaris a saman reshenta na dama. Mun yi fiye da awa ɗaya muna zaune a kan tabarma, babu abin da ake ji sai ƙarar labule duk bayan rabin minti, sai ga hasken tocila yana tahowa ta cikin kara. Wani dattijo ne da sanda, maƙwabcin gonar, ya zaci ɓarayin dawa ne. Ya haska kukar daga gindi har sama, ya haska mu, sannan ya dalle gilashin kyamara. Ya ce, "Samari, lafiya a gonar mutane da daren nan?" Abokina ya gaishe shi ya ce, "Lafiya lau, Baba, taurari muke ɗauka hoto." Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dube mu, ya ce Allah ya ba da sa'a, amma mu kula da kunama a gindin kukar. Na koma gida ina ganin dare ya tafi a banza. Da na buɗe, hoto uku ne kawai cikin 230 abin ya shafa, kuma ɗaya daga cikinsu, wanda ya haska kukar, shi ya fito da saƙar ɓawonta fiye da yadda zan iya da tawa tocilar. Tun daga ranar ba na kafa kyamara da dare sai na sanar da mai unguwa da 'yan sintirin wurin, ba na zuwa ni kaɗai, kuma inda babu tsaro ba na zuwa sam.

Abin da na yi da sauran hotuna biyun yana da amfani a gare ka. Ban cire su ba, domin cire hoto yana barin giɓi a kowane layi na sama. Na buɗe su na shafe wurin da hasken ya ɓata da baƙin fenti na bar sauran yadda yake, tunda manhajar mafi haske take zaɓa, baƙi ba ya shiga lissafinta. Haka ake yi wa fitilar babur, da layin jirgin sama, da na tauraron ɗan Adam, waɗanda suka yawaita tun da aka fara harba na intanet ɗin Starlink a 2019. Wajen haɗawa ina amfani da StarStaX, wadda kyauta ce, tana karɓar hotunan duhun nan, kuma tana da saitin cike ƙananan giɓi, amma giɓin sakan 30 irin naka ya fi ƙarfinta. Photoshop ma yana yi idan aka jera hotunan aka sa su a saitin Lighten, mai zaɓar mafi haske. Wasu kyamarorin Olympus da wasu wayoyin Huawei suna haɗawa da kansu yayin da ake ɗauka, kana kallon layin yana tsawo a allo, sai dai abin da ya ɓaci a cikinsu ya ɓaci ke nan, babu hoto ɗaya-ɗaya da za a koma a gyara.

Na ce zan dawo kan gabas. Idan ka fita ka tarar hazo ya cinye arewa, kada ka naɗe kaya, ka juya gabas ka ɗan ɗaga kyamara. Taurari ukun nan na ɗamarar Orion suna kan layin da ya raba sama biyu, saboda haka layinsu a miƙe yake tamkar an sa rula, na hagunsu suna lanƙwasa suna bin arewa, na damansu suna lanƙwasa suna bin kudu, inda ɗaya ƙololuwar take ɓoye digiri 11 a ƙarƙashin ƙasa. A ƙarshen Nuwamba suna fitowa a Zariya wajen ƙarfe 8 na dare, lokacin Kaza da 'Ya'yanta sun riga sun yi sama, kuma tunda taurarin wannan yanki su suka fi saurin ƙetare hoto, awa ɗaya ta isa.